Makon abokan gaba ya iso: hasashena, kacici-kacicin mako, da wata tambaya da ta hana ni sakat

Mai Sharhin Asabar ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. To ga shi dai mun iso inda muke ta jira tun ƙarshen Agusta, makon ƙarshe na wasannin ƙwallon Amurka na jami'o'i kafin a shiga wasannin cin kofin rukuni-rukuni, makon da kowace makaranta ke karawa da abokiyar gabarta ta gado. Alhamis 27 ga Nuwamba 2025 ranar bikin godiya ce a Amurka, ɗalibai duk sun tafi gida wajen iyayensu, amma Juma'a da Asabar za ka ga filaye sun cika maƙil kamar ba a yi hutu ba.

Bari in fara da na Juma'a in wuce da sauri don bakina yana kan na Asabar. Ole Miss, wato jami'ar Mississippi, za ta je Starkville wajen Mississippi State, wasan da ake ba wanda ya ci kofi mai siffar ƙwai na zinare, Ole Miss tana da nasara 10 rashin nasara 1 amma maganar da ake ta yi ba ta wasan ba ce, ta kocinsu Lane Kiffin ce ko zai zauna ko zai tafi, kuma irin wannan surutun yana raba hankalin yara wlh, duk da haka su na ba. Georgia da Georgia Tech a Atlanta, wanda ya kalli na bara bai manta ba, Tech ta tafi hutun rabin lokaci da 17 da nema, aka dawo Georgia ta farke aka yi ta ƙarin lokaci har sau 8 kafin a tashi 44 da 42. Georgia na ba amma ba da tazara ba. Indiana za ta je Purdue a yi ta kan tsohon bokitin katakon da ake ba wanda ya ci, Indiana wasa 11 ba a doke ta ba, abin da kocinsu Curt Cignetti ya yi a makarantar da aka sani da ƙwallon kwando abin a jinjina ne, wannan kam babu dogon lissafi.

Sai na daren Juma'a, Texas A&M a Austin gidan Texas. Waɗannan biyun sun daina haɗuwa bayan 2011 saboda A&M ta koma rukunin SEC, sai bara da Texas ita ma ta shigo rukunin aka dawo, Texas ta je har College Station ta ci 17 da 7. Bana A&M tana da 11 da babu, kuma mun ga zuciyarsu ranar da South Carolina ta kai su 30 da 3 a rabin lokaci suka dawo suka ci 31 da 30. Texas kuma sau 3 aka doke ta, mai jifansu Arch Manning ya fara shekarar da tangal-tangal amma ya ɗan daidaita daga baya. Zuciyata na cewa A&M, amma a gidan Texas ne, kuma ƙungiyar da ta bari aka yi mata 30 da 3 wata rana ba za ta samu hanyar dawowa ba.

Asabar 29 ga wata da tsakar rana agogon gabashin Amurka, Ohio State a Ann Arbor gidan Michigan, filin da ke ɗaukar mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a duk ƙasar. Su ba su ma ba wasan wani suna na ado ba, The Game kawai suke ce masa, wato Wasan, kamar babu wani. Ohio State ce ta ɗaya, ba a doke ta ba, ita ke riƙe da kofin ƙasa, tana da Julian Sayin a wajen jifa da Jeremiah Smith a wajen cafewa da tsaron da ba a cika samun maki a kansa ba. Michigan tana da 9 da 2 da yaro ɗan ajin farko Bryce Underwood yana jan ragama. A takarda babu abin tattaunawa, amma bara ma haka takardar ta ce. Da daddare kuma Alabama za ta je Auburn, wannan na bar wa abokinmu Ɗan Tide magoyin bayan Alabama don na san ba zai iya shiru ba.

To ga tambayata ta gaskiya, ita ce ma ta sa na yi sammakon rubutun nan. Bara Michigan ta doke Ohio State 13 da 10 a Columbus, amma saboda an faɗaɗa zagayen sili-ɗaya-ƙwale zuwa ƙungiya 12 Ohio State ta shiga, ta bi ta kan Tennessee da Oregon da Texas, ta doke Notre Dame 34 da 23 ta ɗauki kofin ƙasa. Bana ma ko ta sha kashi ranar Asabar za ta shiga. To shin wannan sabon tsarin bai kashe darajar wasannin gaba ba kuwa? In za ka iya faɗuwa a hannun babban maƙiyinka kuma ka zama zakaran ƙasa bayan mako bakwai, me ya rage a cikin wasan? Ina son jin ta bakinku tsakani da Allah.

Kacici-kacicin wannan mako, kuma don Allah kada a leƙa intanet:

1. Wace makaranta da wace suka buga wasan farko, a wace shekara, nawa da nawa aka tashi?
2. Wane ne kaɗai ya taɓa cin kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, sau biyu?
3. Wane wasa ne aka fi yi wa wata ƙungiya cin kaca a tarihi, kuma wa ke kocin waɗanda suka ci?
4. A wace shekara Michigan ta doke Ohio State ba tare da ta cika yadi 10 ta samu sabon zubi ko sau ɗaya ba?
5. Minnesota da Wisconsin a kan me suke karawa?
6. Me ake ba ɗan wasan Ohio State in sun doke Michigan, kuma daga ina abin ya samo asali?

Baba Buckeye ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka, kullum ina jiran rubutun nan naka. Ta biyu da ta shida nawa ne, a bar mini su. Archie Griffin ne, namu na Ohio State, 1974 da 1975, kuma har yau babu wanda ya maimaita duk da cewa tun 1935 ake ba da kyautar. Ta shida kuwa ɗan ƙaramin wando ne na zinare, kamar abin wuya, ana rubuta harufan sunan yaro da sakamakon wasan a jiki. Asalinsa 1934 ne lokacin da Francis Schmidt ya zo koci, aka tambaye shi yaya zai yi da Michigan, ya ce ai su ma ƙafa ɗaya-ɗaya suke zura wando kamar kowa. Shekara huɗu a jere ya doke su ba su ci ko maki ɗaya ba.

Yanzu ga tambayarka. Ɗana ni zan faɗa maka abin da na ji a jikina, ba abin da na karanta ba. Ranar da muka ɗauki kofi a Atlanta na yi murna, har na tashi tsaye, amma da aka kashe talabijin na kwanta, 13 da 10 ɗin nan ce ta dawo mini. Ka duba fa, akwai yaran da suka shigo makarantar a 2021 suka gama suka fita da zoben zakarun ƙasa a yatsa amma babu wandon zinare ko ɗaya a aljihunsu, 42 da 27, 45 da 23, 30 da 24, 13 da 10, na haddace su kamar karatun allo don sun zauna mini a rai. To in da wasan ya mutu me zai sa in haddace?

Ku yara ba ku ga zamanin tsohon kocinmu John Cooper ba. Mutumin ya ci wasanni da yawa, ya ci Rose Bowl, babban wasan ƙarshen shekara, ya tara ƴan wasa na gani na faɗa, amma a karawa 13 da Michigan sau 2 kawai ya ci, aka yi kunnen doki 1, ya faɗi 10, kuma in ka ambaci sunansa a Columbus yau wannan lissafin ne farkon abin da za a tuna maka. Jim Tressel da ya gaje shi tun ranar da aka gabatar da shi ya yi wa jama'a alkawari a kan wasan Michigan, ya cika, shi ya sa aka so shi. Urban Meyer 7 da babu. Ryan Day da ya gaji Meyer yana da kofin ƙasa amma 1 da 4 yake da Michigan, kuma in ya sake faɗuwa ranar Asabar wlh ba zai ji daɗin zama a garin ba ko da ya sake ɗauko wani kofin.

Abin da zan yarda da kai shi ne fargabar ta ragu. A 2006 mu ne na ɗaya su ne na biyu, duk ba a doke mu ba, Bo Schembechler tsohon kocinsu ya rasu ana gobe wasan, aka tashi 42 da 39, wanda ya faɗi ranar ya san kofi ya wuce shi. A 2023 ma haka, duk 11 da babu, muka faɗi muka zauna a gida. Wannan irin tsayuwar numfashin kam an rage ta, ban musa ba. Amma gabar ba daga kofi ta fito ba balle kofi ya tafi da ita. Jihohin nan biyu tun 1835 suka ja daga a kan yankin Toledo, tun kafin a san wata ƙwallo. A wannan makon duk wani harafin M da ke kan allunan makarantarmu an manne shi da jan tef, tsohon kocinmu Woody Hayes ko sunan Michigan ba ya son kamawa sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Wannan ba kwamitin zaɓen ƙungiya 12 ne ya kawo shi ba.

Hasashena mun ci, kuma da tazara, in dai Day ya bar yaran su yi jifa. Bara taurin kai ya yi yana son nuna musu ƙarfi a tsakiya inda suka fi mu, alhali yana da masu cafewa da babu kamarsu a ƙasar.

Ƴar Shuɗi da Rawaya ta rubuta:

Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na ji daɗi da ka lissafo su huɗun da bakinka, ka hutar da ni.

Ta huɗu tawa ce Malam Mai Sharhi, 1950 ne a Columbus, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe filin har ba a ganin layuka. Michigan ba ta samu sabon zubi ko ɗaya ba, ba ta haɗa jifa ko ɗaya ba, amma ta ci 9 da 3, duk makin daga tare bugun nesa suka fito, ɗaya ya ba da maki 2 ɗaya ya ba da tacdawun. Sau 45 ƙungiyoyin biyu suka buga ƙwallon sama suka miƙa wa juna don kowa tsoron riƙe ta yake a gefensa, wani lokacin ma tun a yunƙurin farko ake bugawa. Ina son labarin nan sosai don yana nuna halin wasan, ba sai ka fi iyawa ba, wanda ya fi haƙuri da rashin kuskure shi ke tafiya da shi.

Ni a ganina sabon tsarin bai rage komai ba, ƙara ma ya yi ta wani ɓangaren. Ku tuna bara mun je Columbus da 6 da 5, babu mai jifa na kirki, manyan ƴan wasanmu biyu ba su buga ba, babu kofin da muke nema, babu abin da za mu samu in ban da mu doke su. Kuma yaran suka buga kamar ransu ne a kai, Kalel Mullings yana ta turawa da mutum biyu uku a jikinsa har aka kai inda Dominic Zvada ya buga ta shiga saura daƙiƙa 45. To wannan me ya haɗa shi da zagayen ƙungiya 12? Abin da ya biyo baya na kafa tuta a tsakiyar fili da dambe har ƴan sanda suka fesa barkonon tsohuwa ban ji daɗinsa ba gsky, bai dace ba daga kowane ɓangare, amma ko shi ya ishe ka amsa, mutane ba sa yin haka a kan wasan da ya mutu.

Bana kuma tsarin ne ma ya ba mu abin nema. A tsohon tsari mai ƙungiya 4 duk wanda aka doke sau 2 ya gama, sai dai ya yi wasa don mutunci. Yanzu in muka doke ta ɗaya a ƙasa muna da bakin magana a gaban kwamiti. To ka ga an rage wa na sama fargaba an ƙara wa na ƙasa fata, ni ban ga asara a nan ba.

Na san wani zai taso da zancen satar alamun hannun abokan karawa da aka kama Michigan da ita a 2023, gara in riga shi. An yi laifi, an hukunta makarantar, kocinmu na lokacin Jim Harbaugh bai ma tsaya a gefen fili ba ranar 30 da 24 ɗin, mataimakinsa Sherrone Moore ne ya ja ƙungiyar, kuma bayan abin ya fito fili ne muka doke Penn State da Ohio State da Alabama da Washington muka ɗauki kofi. Na bara kuma babu wanda zai ce da wata alama aka ci.

Tsorona ɗaya Underwood yaro ne, bai taɓa ganin irin wannan ranar ba, kuma tsaron Ohio State na bana ya fi na bara haɗuwa a idona. Amma karen bana shi ke maganin zomon bana. In aka yi sanyi sosai aka koma wasan gudu da ture-ture, Baba ka shirya haddace na biyar.

Sabon Shiga ya rubuta:

Slm yayyena, ku yi haƙuri ni bana na fara kallo kuma har yanzu wasu abubuwan suna shige mini duhu. Wannan sabon zubi da yadi 10 da ake ta faɗa yaya abin yake? Sannan yaya za a yi ƙarin lokaci har sau 8 mutane ba su faɗi don gajiya ba, ko minti nawa ne kowane ɗaya? Kuma wai da gaske ɗalibai ne waɗannan, ana biyansu ko kyauta suke yi, don na ga filin ya fi na manyan ƙwararru cika. Ta biyar kuma ina jin gatari ne don na ga hoton yara suna ɗauke da wani ƙaton gatari suna yin kamar za su sare sandunan fili, in ba daidai ba ne a gyara mini.

Ɗan Tide ya rubuta:

Ƙanena barka da zuwa, babu wanda aka haifa da sanin abin nan, zauna ka ji. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su yunƙuri 4 su ci yadi 10 gaba, ko da gudu ko da jifa, in sun cika sai a sake ba su wasu 4 sababbi, shi ne sabon zubin, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai inda aka tsaya, shi ya sa in an zo yunƙuri na 4 yawanci sai a buga ta nesa don kada a ba maƙiyi fili a kusa. In ka kai ta ƙarshen fili tacdawun ke nan maki 6, sai ka zaɓa ko bugun sanda maki 1 ko ka sake gwada shiga daga kusa maki 2. In ka kasa kaiwa amma kana kusa ka buga ta tsakanin sanduna maki 3. Ƙarin lokaci kuma a jami'a ba da agogo ake yi ba, ana ajiye wa kowa ƙwallo a yadi 25 ya gwada sa'arsa, daga zagaye na 3 kuma yunƙuri ɗaya-ɗaya ne kawai na maki 2, shi ya sa za ka ji 8 ko ma 9 kamar na Illinois da Penn State a 2021 da aka tashi 20 da 18. Zancen kuɗi kuwa da haramun ne, sai dai a biya maka karatu da abinci da ɗaki, amma tun Yulin 2021 aka yarda yaro ya ci kuɗin sunansa da hotonsa ta hanyar talla, bana kuma makarantu da kansu suka fara biya kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekara ga ƴan wasanta gaba ɗaya.

To Malam Mai Sharhi na gode da ka bar mini nawa. Ku kuna ta Michigan da Ohio State, ai ku jiha biyu ne, in an tashi kowa ya koma gidansa. Mu a Alabama jiha ɗaya ce, babu ƙungiyar ƙwararru ta NFL a cikinta, maƙwabcinka da abokin aikinka da wani lokacin matarka ma ɗan ɗaya ɓangaren ne, wanda ya faɗi kwana 365 zai yi yana shan magana a duk inda ya shiga. Gabar ta yi zafin da aka daina wasan gaba ɗaya bayan 1907 sai 1948 aka dawo. Sunan Iron Bowl da ake kiran wasanmu da Auburn daga Birmingham ya fito, garin ƙarfe, don a can aka daɗe ana bugawa, sai 1989 Alabama ta fara taka ƙafa a filin Auburn.

Kuma filin nan na Jordan-Hare ni tsoronsa nake ji, ba na ɓoyewa. A nan ne a 2013 muna na ɗaya a ƙasa, an yi 28 da 28, kocinmu na lokacin Nick Saban ya nemi a duba agogo aka dawo mana da daƙiƙa 1, muka gwada bugun sanda daga yadi 57, ƙwallo ta gaza, Chris Davis na Auburn yana tsaye a can ƙarshen fili ya cafe ya kwaso gudu ta gefen layi tun daga wannan ƙarshen har wancan, mu kuma duk manyan masu tare gaba ne a fili babu mai iya bin sa, 34 da 28, kofi na uku a jere da muke nema ya tafi a daƙiƙar da mu da kanmu muka roƙa. A nan ne kuma a 2021 sai da aka yi ƙarin lokaci 4 muka tsira 24 da 22, a 2023 kuma muna yunƙuri na 4 saura yadi 31 Jalen Milroe ya tsaya ya tsaya ya jefa wa Isaiah Bond a kusurwa muka ci 27 da 24. Duka biyun Auburn ba ta da wani ƙarfi a shekarun, amma sai da ta kai mu bango. Bana ma haka ne, 5 da 6 suke, an sallami kocinsu a farkon watan nan, suna neman nasara ta 6 don su samu wasan ƙarshen shekara, mu kuma an doke mu sau 2, Florida State da Oklahoma, in muka ƙara na 3 zancen kofi ya zama da wuya. Rabonsu da doke mu tun 2019. Ina ba mu nasara da mai jifanmu Ty Simpson amma da maki kaɗan, kuma ba zan zauna ba sai an busa tashi.

Amsar tambayarka a wajena, a tsohon tsari bayan Oklahoma ta doke mu da tuni mun naɗe tabarma, yanzu ga shi wasan Auburn ya zama mana na a mutu ko a yi rai. Abin da ni ya fi damuna ba yawan ƙungiyoyin ba ne, yadda ake watse rukunoni saboda kuɗin talabijin ne. Oklahoma da Oklahoma State sun fi shekara 100 suna karawa, yanzu an daina. Wannan shi ke kashe gaba, a hana mutane haɗuwa.

Mai Sharhin Asabar ya rubuta:

Madalla, Allah ya saka da alheri, kun ba ni abin da nake nema. Baba na karɓi gyara, maganar yaran da suka fita da zobe babu wando ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma har yanzu ina riƙe da rabin maganata, irin ranar 2006 da 2023 da ƙungiya biyu da ba a doke ba za su shiga fili kowa ya san ɗaya ce za ta rayu, wannan ba za mu sake ganinta a watan Nuwamba ba, kuma ina kewarta. Hajiya ke ma kin yi gaskiya ta ɓangaren na ƙasa, na lissafa wasannin makon nan da ke da tasiri a kan wa zai shiga wa zai fita na ga sun fi na kowace shekara a tsohon tsari yawa, har Vanderbilt da aka saba yi wa kallon ta baya a SEC za ta je Tennessee da 9 da 2 tana da abin nema, mai jifansu Diego Pavia ya canja musu komai. Ɗan Tide kuma ka taɓo inda ya fi ciwo, mu da muka ga Texas da A&M sun yi shekara 12 ba su haɗu ba mun san haka ne.

Sabon Shiga ka ci ta biyar, gatari ne, ana ce masa gatarin Paul Bunyan, wani ƙaton mai saran itace na tatsuniyar Amurkawa, ana rubuta sakamakon kowace shekara a jikin ƙotar. Tun 1890 suke karawa kuma a manyan makarantu babu wasu biyu da suka haɗu sau da yawa kamarsu. Ka ci gaba da tambaya, kada ka ji nauyi.

Saura ta ɗaya da ta uku babu wanda ya taɓa. Wasan farko Rutgers da Princeton ne, 6 ga Nuwamba 1869 a New Brunswick ta jihar New Jersey, Rutgers ta ci 6 da 4, mutum 25 kowane ɓangare da ƙwallo zagayayya, ba a ɗauka a gudu da ita ba a jifa, in ka gani za ka ce tamaula ce. Walter Camp na Yale ne daga baya ya kawo layin da ake jeruwa a kai da ƙidayar yunƙuri, jifa gaba kuma sai 1906 aka halatta ta bayan mace-macen da aka yi a fili a 1905 har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan makarantu ya ce a gyara.

Ta uku kuwa Georgia Tech da Cumberland ne a 1916, 222 da babu. Kashin farko kaɗai 63 aka ci, rabin lokaci 126, kuma Tech ba ta yi jifa ko ɗaya ba duk da gudu ne. Cumberland ta riga ta rushe ƙungiyarta a shekarar, amma akwai yarjejeniyar da in ba su zo ba za su biya tara, sai aka tattaro ɗalibai aka kawo su. Kocin Tech ɗin shi ne John Heisman, wanda kyautar da Archie Griffin ɗin Baba ya ci sau biyu take ɗauke da sunansa, shi ya sa na jera tambayoyin kusa da juna ko wani zai gano.

Hasashena na ƙarshe a kan babban wasan tunda ban faɗa a sama ba, Ohio State na ba, amma in aka shiga kashi na 4 tazarar ba ta wuce maki 7 ba to na koma bayan Hajiya, don a nan ne nauyin shekara huɗun zai fara hawa kafaɗar yaran. Baba da Hajiya don Allah duk yadda ta kaya ku dawo ranar Lahadi, zan kawo na wasannin kofin rukuni da sababbin tambayoyi, akwai ɗaya a kan Army da Navy da na tabbata sai an yi gumi.